Tashar Baker Street: yadda kwalbatin 1863 ya zama tasha mai dandamali goma

Ranar farko da na sauka a tashar Baker Street da ke Landan sai da na yi kusan minti sha biyar ina zagaye a ciki kamar wanda aka yi wa kurciya. Juma'a zan je masallacin Regent's Park, an ce min in na fito tafiyar ƙafa ce ba nisa, to fitowar ce ta zama aiki. In hau matakala in sauka, in bi wani lungu in ɓulla wani dandamali da ake hango sararin sama, in juyo in faɗa wani mai duhu-duhu da tsohon bulo, can ƙasa kuma ga wani mai zagaye kamar kana cikin bututu. Laifina ne dai, ban tsaya na karanta allunan ba, ƙauyanci ya motsa. Amma daga baya da na bi tarihin wajen sai na gane ashe ba tasha ɗaya bace, tashoshi ne har kashi uku aka ɗora wa juna daga 1863 zuwa 1979, kowacce da waɗanda suka gina ta da kuma ciwon kan da suke son magancewa a lokacinsu, babu wani mutum ɗaya da ya taɓa zama ya zana ta yadda take yau. Dandamali goma gare ta, duk tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan ba wadda ta kai ta, layi biyar ne suke haɗuwa a ciki. Sunan ma ba na mai gasa burodi bane kamar yadda wasu suke fassarawa, na wani magini ne William Baker da ya yanka titin tun ƙarni na 18.

Mu fara da dandamali na 5 da na 6, dan su ne asalin.

Landan ta wajen 1850 gari ne da ya cika ya batse. A 1801 mutanenta wajen miliyan ɗaya ne, kafin shekara hamsin sun haura miliyan biyu. Jiragen ƙasa suna ta kwaso jama'a daga ko'ina, amma a 1846 wani kwamiti da gwamnati ta kafa ya ce kar a bar layin dogo ya kutso tsakiyar birni, shi ya sa har yau in ka duba taswira zaka ga manyan tashoshin jirgin ƙasa na Paddington da Euston da King's Cross sun yi layi a gefen arewa kamar waɗanda aka tsayar a bakin ƙofa. To fasinja ya sauka a can, aikinsa kuma yana cikin tsohon birni inda bankuna da ofisoshi suke, sai ya nemi keken doki ko ya taka sayyadarsa. Mutum wajen dubu 200 ke shiga tsohon birnin a ƙafa kullum, ga amalanke ga motocin haya da dawakai ke ja ga shanu da ake korawa kasuwar Smithfield ga kashin doki ko'ina, go-sulo tun kafin a ƙera mota.

Wanda ya fi kowa nacewa a kan a bi ta ƙarƙashin ƙasa shi ne Charles Pearson, lauyan hukumar tsohon birnin. Shi ba injiniya bane, damuwarsa talakawa ce da ke cushe a unguwannin ƙazanta, yana ganin in aka samu jirgi mai araha leburori zasu iya zama a bayan gari su riƙa shigowa aiki. Majalisa ta amince a 1854, amma kuɗi suka ƙi samuwa, yaƙin Kirimiya ya sa masu hannu da shuni sun ɗaure bakin jaka, sai da Pearson ya shawo kan hukumar birnin ta sayi hannun jari na fam dubu 200 sannan aka fara haƙa a 1860. Kamfanin sunansa Metropolitan Railway, babban injiniya John Fowler. Pearson kuma Allah bai nufa zai gani ba, ya mutu a Satumban 1862, saura wata huɗu a buɗe.

Yanzu ga abin da mutane da yawa basu sani ba. Wannan layin na farko yawancinsa ba rami aka huda ta ƙarƙashin gidaje ba kamar yadda gafiya ke yi. Titi aka fasa. Za a rufe wani yanki na titi, leburori su haƙa ƙaton rami da diga da shebur, a tokare gefe da gefe da katako kar ƙasa ta zabtaro, a karkatar da bututun ruwa da na gas da lambatu, a gina bango biyu da bulo, a ɗaura rufi mai lanƙwasa a sama irin bakan gizon da maginanmu ke yi wa soro, sai a mayar da ƙasa a shimfiɗa titi a kai, keken doki ya ci gaba da wucewa. Wallahi in ka cire kwalliya, ƙaton kwalbati ne aka sa wa layin dogo a ciki. Dalilin bin titi kuwa kuɗi ne, in ka bi ta ƙarƙashin gidan mutum sai ka sayi gidan, shi kuwa titi ba mai zuwa maka da takardar fili. Sa'ar da suka yi akwai wani faffaɗan titi da ake kira New Road, wanda yau shi ne Marylebone Road da Euston Road, ya miƙe daga wajen Paddington har King's Cross, ta gaban manyan tashoshin nan. Daga King's Cross zuwa Farringdon ne labari ya canja, nan aka ratsa unguwannin marasa galihu aka rushe gidaje, dubban mutane suka rasa matsuguni, mafi yawansu 'yan haya ne da ba su ake biyan diyya ba. Kaga aikin da aka faro da sunan talaka, talakan ya fara taɓawa. A Yunin 1862 kuma babban lambatun Fleet ya fashe ya malale ramin da ruwan ƙazanta, jaridu suka samu abin yi, dama tun farko suna ta yi wa aikin ba'a wai wane mai hankali ne zai shiga rami wajen ɓeraye dan ya je aiki.

An buɗe wa jama'a ranar 10 ga Janairu 1863. Tsawon layin wajen kilomita shida, tasha bakwai, daga Bishop's Road a Paddington zuwa Farringdon Street, Baker Street ce ta uku, tafiyar minti 18. Dan mu gane nisan lokacin, jirgin ƙasa bai iso Kano ba sai 1911, shekara 48 bayan nan. Ana ba da labarin an gayyaci firaminista Palmerston bikin, yana da shekara 78 a lokacin, ya ce a yi masa uzuri shi a shekarunsa ya fi son ya daɗe a saman ƙasa gwargwadon iko. Jama'a dai basu bi ta tasa ba, mutum wajen dubu 38 suka hau a ranar farko, a shekarar farko kuma miliyan tara da rabi. Kuɗin tikiti zai yi wa dattawanmu daɗin ji tunda irin kuɗin da suka kashe ne kafin naira, aji na ɗaya sisi, aji na biyu kwabo huɗu, aji na uku taro. A 1864 aka fito da jirgin asuba na leburori, taro zuwa da dawowa, nan dai burin Pearson ya ɗan cika.

Cikin tashoshi bakwai ɗin, uku ne kawai suke a rufe ƙarƙashin titi da gaske, Baker Street da Portland Road da Gower Street, sauran a buɗaɗɗen rami suke da rufin gilashi. To in ka tsaya a dandamali na 5 ko na 6 yau ka ɗaga kai, zaka ga rufin nan na bulo ya lanƙwaso tun daga wannan bango har wancan ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, a jikinsa kuma ga wasu manyan kafofi a jere reras sun karkata sama kamar tagogin da aka kishingiɗar, an shafe cikinsu da farin tayil. Waɗannan su ne fitilar 1863. Bakinsu yana fita ne can sama a gefen titi, an rufe da gilashi, hasken rana ya faɗo ciki farin tayil ɗin ya watso shi kan dandamali. Da daddare sai fitilar gas. Taragun ma na katako ne da fitilar gas a ciki, ana ɗura gas ɗin a wasu jakunkuna a saman rufin tarago. Katako, gas, wuta, cikin rami, kai mutanen da akwai ƙarfin hali.

Amma babbar matsalar ba duhu bace, hayaƙi ne. Lokacin babu jirgin lantarki, kan jirgi na tururi ne, wuta ake hurawa a tafasa ruwa. Fowler ya yi wa majalisa alƙawarin ba za a ga hayaƙi ba, har ya sa aka ƙera wani kan jirgi da za a gasa bulo a cikinsa ya riƙe zafi, in an shiga rami sai a danne wuta bulon ya ci gaba da tafasa ruwan. An gwada shi a 1861 abin ya ƙi, aka ɓoye shi aka daina zancensa, har mutane suka laƙaba masa suna fatalwar Fowler. Sai aka koma wata dabara, maimakon a saki tururi waje a bi da shi ta bututu zuwa tankin ruwan sanyi ya koma ruwa. Yana aiki na ɗan lokaci, amma kafin a je ƙarshen layi ruwan tankin ya ɗau zafi, kuma ko ya yi aikin tururi kawai ya kama, hayaƙin wutar kwal ɗin yana nan yana fita. Jirgi na biye da jirgi, ramin ya turnuƙe da warin farar wuta, ido na yaji, mutane na tari. Kamfani kuwa irin na ko'ina, maimakon ya ce akwai matsala sai ya riƙa yaɗa cewa wai iskar ramin magani ce ga masu asma da ciwon ƙirji, aka kuma ba ma'aikata izinin tara gemu da gashin baki wai zai riƙa tace musu iska. Akwai wani mai kemis kusa da tashar Gower Street da ya haɗa wani maganin tari ya sa masa sunan kamfanin yana sayar wa waɗanda suka fito a galabaice, kaga wani ya samu kasuwa. Abin dariyar ma, da farko shan taba haramun ne a cikin jirgin, sai 1874 aka ware taragon mashaya. A farkon shekarun 1870 dole aka huda ramukan shan iska a tsakiyar titi tsakanin King's Cross da Edgware Road, sai ka ga hayaƙi ya yi tsiri daga ƙasa ba zato dawakai su firgita. A haka aka yi shekara 42.

Wani abu kuma da ya sa ramin nan yake da faɗi, rigimar faɗin layi ce. Kamfanin Great Western mai Paddington layinsa ƙafa bakwai ne da ɗan ɗoriya, sauran kamfanoni ƙafa huɗu da inci takwas da rabi, sai aka shimfiɗa ƙarfe uku dan kowa ya iya shiga. Great Western ne ma ya ba da jiragen farko, amma ba a yi wata takwas ba suka ɓata, a Agustan 1863 ya kwashe kayansa yana zaton Metropolitan zai zo yana roƙo, shi kuwa ya ruga wajen kamfanin Great Northern ya aro jirage, daga baya ya sayi nasa. An cire ƙarfe na ukun a 1869 amma faɗin ramin ya zauna.

Kashi na biyu, dandamali na 1 zuwa na 4, nan ne tashar ta canja hali gaba ɗaya. A Afrilun 1868 aka buɗe wani ɗan reshe daga Baker Street ya yi arewa zuwa Swiss Cottage, layi ɗaya tal, ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci. Sai ga Edward Watkin ya zama shugaban kamfanin a 1872, mutum mai dogon buri da son rigima. Shi ba jirgin cikin gari ne a ransa ba, yana shugabantar wani kamfanin jirgi a arewacin Ingila da wani a kudu, mafarkinsa fasinja ya hau daga Manchester ya ratsa Landan ta layin Metropolitan ya bi ta ƙarƙashin teku ya sauka a Faris. Har haƙan ramin tekun ya fara kafin gwamnati ta tsayar da shi a 1882 dan tsoron kar Faransawa su biyo ta ciki da yaƙi. Ɗan reshen nan dai aka yi ta jan sa, Harrow a 1880, Aylesbury a 1892, har sai da jirgin da aka ƙirƙira dan go-sulon Landan ya kai ƙauyukan Brill da Verney Junction, wajen kilomita 80 daga Baker Street, cikin gonaki da shanu. Watkin ɗin ne kuma ya fara gina hasumiyar da wai zata fi ta Eiffel tsawo a Wembley dan mutane su riƙa hawa jirginsa zuwa kallo, ta tsaya a hawa na farko, aka rushe ta a 1907, a wajen ne aka gina filin ƙwallon Wembley a 1923. Duk mai kallon ƙwallon da ya taɓa hawa jirgi daga Baker Street zuwa Wembley Park ranar wasan ƙarshe, a kan guntun mafarkin Watkin ya hau.

Ni a ganina wayon kamfanin na gaske a harkar fili yake. Ya riƙe filayen da ya saya a gefen layi ya yanka fulotai ya gina unguwanni, daga 1915 ya sa wa yankin suna Metro-land yana talla wai zo ka zauna cikin iska mai daɗi ka riƙa shigowa aiki. Ya sayar maka da gida, sannan kullum safe da yamma ya sayar maka da tikiti, riba biyu. Baker Street ta zama hedikwata kuma ƙofar wannan daula, aka sake gina ta kafin yaƙin duniya na ɗaya, har taragon alfarma na Pullman ake jonawa daga 1910 zuwa 1939, attajiri na karin kumallo ana tafe. Ƙaton benen da ke kan tashar, Chiltern Court, da otal aka so yi, yaƙi ya hana, aka ƙare shi a 1929 a matsayin gidajen haya na masu kuɗi.

Hayaƙi kuma abin da ya kore shi gasa ce ba tausayin fasinja ba. A 1890 aka buɗe layin lantarki na farko mai zurfi a Landan, a 1900 layin Central London ya biyo baya, tsaf-tsaf ba tari, kwabo biyu ko ina zaka, fasinjoji suka fara guduwa. Dole Metropolitan ya sa lantarki, jiragen farko suka tashi daga Baker Street ranar 1 ga Janairu 1905.

Kashi na uku shi ne na can ƙasa, dandamali na 7 zuwa na 10, kuma shi ne ramin gaske. Ƙarƙashin Landan akwai yumɓu mai laushi da ke riƙe kansa, sai a haƙa rijiya a sauka, a sa wata garkuwar ƙarfe mai zagaye da injiniya Greathead ya inganta, ana tura ta gaba ana kwashe ƙasa ana jera zobban ƙarfe a baya, ba a taɓa titi ba ba a rushe gidan kowa ba. Tunda kuɗin haƙa yana bin faɗin rami, sai aka matse shi, shi ya sa jiragen can ƙasa ƙanana ne masu gangaren rufi, dogon mutum in yana bakin ƙofa sai ya sunkuya, na sama kuwa manya ne kamar jirgin ƙasa sosai. A tasha ɗaya zaka ga duka biyun, minti biyu tsakani. Layin Baker Street zuwa Waterloo an fara shi, mai kuɗin da ke bayansa Whitaker Wright ya karye a 1900 aiki ya tsaya, daga baya kotu ta same shi da zamba, sai wani Ba'amurke Charles Yerkes ya saye, kamfaninsa ya ƙarasa aikin, aka buɗe ranar 10 ga Maris 1906. 'Yan jarida suka haɗe sunayen biyu suka ce Bakerloo, masu ji da kansu suka ce sunan bai da mutunci, kamfani dai ya karɓe shi cikin 'yan watanni.

A 1933 gwamnati ta haɗe duk kamfanonin ƙarƙashin hukuma ɗaya, Metropolitan ya shiga yana ƙunƙuni dan shi kallon babban kamfanin jirgi yake wa kansa ba jirgin rami ba. Nan da nan aka datse rassan ƙauye, Brill a 1935, Verney Junction a 1936. Sai aka juyo kan maƙogwaron da ke tsakanin Finchley Road da Baker Street, inda jirage daga rassa da yawa ke matsuwa a layi biyu, aka haƙa sabon rami mai zurfi a 1939 aka miƙa reshen Stanmore ga Bakerloo. Gyaran ya haifi tasa matsalar, yanzu Bakerloo ce ke da rassa biyu suna cin karo a Baker Street, shi ne aka sake haƙa wani layin aka raba su, Jubilee, ranar 1 ga Mayu 1979. Wannan na ƙarshen kam an yi tunani, in ka sauka daga Bakerloo zaka hau Jubilee ta ɓangare ɗaya ɗan taku ne kawai ba hawa ba sauka. A can ƙasan ne kuma zaka ga tayil ɗauke da hoton kan Sherlock Holmes da lofensa, ɗan binciken nan na ƙagaggen labari da aka ce gidansa na kan titin. Ofishin kayan tsintuwa na jiragen Landan ma ya yi shekara sama da 80 a jikin tashar kafin a tashe shi a 2019, manhajar da suke neman kaya da ita a lokacin sunanta Sherlock.

Su kuwa dandamali na 5 da na 6 sun sha wulaƙanci a tsakani, an toshe kafofin hasken, an lulluɓe bangon da allunan talla, baƙin hayaƙi ya kama bulo. A shekarun 1980 aka kankare komai aka fito da bulon asali, aka sa fitilu a cikin kafofin dan su yi kamar rana ce ke shigowa, to hasken da kake gani yanzu na lantarki ne, amma bulon da rufin na 1863 ne. A Janairun 2013 da layin ya cika shekara 150 aka dawo da kan jirgi mai tururi, na kamfanin Metropolitan mai lamba 1 ƙirar 1898, ya ja tsofaffin taragun katako ya bi ta wannan dandamalin yana busa usur, hayaƙi ya sake cika rufin, mutane sun yi dafifi da wayoyi suna ɗauka. Ɗaya daga cikin taragun, lamba 353 ƙirar 1892, shekaru ya yi a yashe a wata gona an mayar da shi ɗaki kafin a ɗauko shi a gyara.